Gorar da Ake Rubutawa

Masu zanen gora a ƙasar Sin ba su cika cewa sun zana ta ba, cewa suke yi sun rubuta ta. Kalmar da suke amfani da ita, xie, ita ce dai ake faɗa wa wanda ya zauna rubuta wasiƙa ko waƙa, kuma sau da yawa za ka tarar da ita a gefen zanen, kusa da sunan mai aikin da jan hatiminsa: wane ne ya rubuta. Gorar da muke magana a kai ita ce wannan mai gaɓa-gaɓa da ake sanda da ita, mai rami a ciki, ba goran ruwa ba. Kusan shekara dubu ke nan malaman Sin suna riƙe da da'awar cewa zanen gora da rubutun hannu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. A ganinmu da'awar gaskiya ce muddin a kan aikin hannu ta tsaya. Amma an ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta, kuma akwai lokacin da ta kusa shaƙe abin da ta haifa.

Bari mu fara da kayan aiki, don a nan maganar ta fi tsayuwa da ƙafafunta. Alƙalamin Basine gashin dabba ne, na akuya ko zomo da makamantansu, da aka ɗaure aka soke a bakin siririn karan gora. Tawadarsa kunkunniya ce da aka kwaɓa da danƙon da ake dafawa daga fatar dabba, aka busar ta zama 'yar sanda; idan za a yi aiki sai a ɗiga ruwa a kan dutse a goga ta. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ji wannan baƙon abu ba, don tamu tawadar ma baƙin wuta ce da ƙaro. Inda aka rabu shi ne bakin alƙalami. Namu na kara, yadda aka fiƙe shi haka zai yi ta ba da layi. Nasu kuwa idan ka danna sai ya baje, idan ka ɗaga sai ya tsuke ya koma kamar tsinin allura, idan ka ja shi da sauri alhali tawadar ta fara bushewa sai gashin ya rarrabu ya bar fararen tsagu a cikin layin. Sannan allo ana wanke shi. Siliki kuwa, da takardar nan tasu mai zuƙe ruwa, da zarar tawada ta sauka a kansu magana ta ƙare.

Da wannan alƙalamin ɗaya ma'aikacin gwamnati yake rubuta jarrabawar shiga aiki, da shi yake rubuta rahoto zuwa fada, da shi kuma yake zana gora idan ya koma gida. Tun yana yaro hannunsa ya saba da inda ake dannawa da inda ake ɗagawa. Gora kuwa, a cikin dukkan tsirrai, ita ce ta fi dacewa da hannun da ya san rubutu bai koyi zane ba. Ba ta buƙatar launi. Karanta layuka ne miƙaƙƙu, a ja ɗaya a tsaya, a bar ɗan fili, a ja na gaba. A cikin filin nan ake sa gaɓa da ɗan gajeren bugu na tawada mai duhu. Sai rassa, a fizge su da sauri. Sai ganye, kowane ɗaya bugu ɗaya: a sauke, a danna, a ja, a ɗaga. Ba a komawa a gyara ganye. Wanda ya koma, ko yaro mai koyo zai gane.

Ita kanta gorar ta daɗe a cikin rubutun Sinawa kafin a fara zana ta. Kafin takarda, a kan tsagaggun filayen gora suke rubuta littattafai su ɗaure da igiya. Harafin da ke nufin gora, 竹, kamar tagwayen ganyaye yake da suka rataya, kuma shi ne ke zaune a saman harafin da ke nufin alƙalami. Kalmar da suke kiran gaɓar gora da ita, jie, ita ce kuma suke kiran riƙon amana da tsayuwa a kan aƙida. Ramin cikinta suka ce tawali'u ne. Iska tana lanƙwasa ta ba ta karya ta, sanyin hunturu bai hana ta zama kore. Wato tun kafin malami ya tsoma alƙalami, an riga an gaya masa cewa hoton kansa zai yi. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wanda ake ɗauka uban wannan fanni shi ne Wen Tong, ma'aikacin daular Song da ya rayu daga 1018 zuwa 1079. Akwai zane a kan siliki da ake jinginawa gare shi a gidan adana kayan tarihi na fada da ke Taipei, kuma hotonsa yana nan a intanet ga mai son gani. Reshe ɗaya ne tak. Ya faɗo daga sama kamar daga bakin wani dutse da ba a nuna mana ba, ya yi ƙasa, sannan ya murɗe ya sake ɗaga kai. Ganyen da ya fuskance mu an yi shi da tawada mai duhu, wanda ya juya baya an yi shi da mai ruwa-ruwa, dabarar da magabata suka ce daga Wen Tong ta faro. Idan mai karatu ya buɗe hoton a waya, muna ba shi shawara ya ja shi da yatsu biyu har ganye ɗaya ya cika fuskar wayar. Zai ga inda alƙalami ya sauka da inda ya tashi, zai ga wane ganye aka fara yi wane aka ɗora a kansa. Daga nan zanen ya daina zama abin kallo kawai, ya koma abin bi, kamar yadda ake bin sawu. Abin da ya fi burge mu kuwa shi ne reshen yana da nauyi. Mutumin da ya yi wannan ya tsaya ya kalli gora ta gaske, ya daɗe yana kallo. An san ya yi mulki a wani yanki na lardin Shaanxi na yau inda akwai wani kwari mai suna Yundang cike da gora, kuma can yake yawan zuwa.

Amininsa kuma ɗan'uwansa, mawaƙi Su Shi, wanda ya rayu daga 1037 zuwa 1101, shi ne ya mayar da aikin Wen Tong ya zama darasi. A shekarar 1079, watanni kaɗan bayan rasuwar Wen Tong, yana shanya littattafai da zanuka a garin Huzhou sai ya ci karo da gorar da marigayin ya ba shi, ya fashe da kuka, ya zauna ya rubuta tunawa da shi. A cikinta ya kawo koyarwar da har yau Sinawa ke karin magana da ita idan suna nufin mutum ya shirya tsaf: dole gorar ta cika a ƙirjinka kafin ka ɗauki alƙalami, idan ta bayyana kuma ka bi ta da gudu kafin ta ɓace. Ya soki masu harhaɗa ta gaɓa bayan gaɓa, ganye bayan ganye. Amma wurin da muka fi so a rubutun shi ne inda Su Shi ya ce shi ya fahimci wannan duka, hannunsa ne ya ƙi bin zuciyarsa, kuma laifin na rashin yawan gwaji ne. Masu ambaton gorar ƙirji sun cika tsallake wannan. Makonni kaɗan bayan ya rubuta, aka kama shi a garin bisa zargin sukar gwamnati a waƙoƙinsa, daga bisani aka kore shi zuwa Huangzhou.

Zanen gora ya kai ƙololuwa ne bayan 1279, lokacin da Mongol suka gama cinye daular Song. An dakatar da jarrabawar shiga aiki, ba a dawo da ita ba sai 1315. Malamai da yawa, musamman na kudu, suka wayi gari ba muƙami, ga ilimi ga alƙalami ga lokaci. Tsiron da ke lanƙwasa bai karyewa ya zama abin da kowa ke son rataya a ɗakinsa, kuma ba sai an yi wa kowa bayanin dalili ba. A wannan zamanin ne aka fito ƙarara aka ce zane rubutu ne. Zhao Mengfu, wanda ya rayu daga 1254 zuwa 1322, ya yi wani zane na duwatsu da busassun itatuwa da 'yan gora, yana Beijing yanzu, ya kuma rubuta a ƙarshensa cewa duwatsun da salon rubutun nan mai fararen tsagu ake yin su, itatuwan da tsohon rubutun hatimi, gora kuma sai wanda ya ƙware a dokokin bugun alƙalami. Ke Jiusi, wanda ya zo bayansa, ya ƙara rarraba abin: kara da rubutun hatimi mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, rassa da rubutun gudu, ganye da rubutun magatakarda mai baje wutsiya. Idan ka kalli zanen Zhao za ka ga ba fatar baki ba ce. Duwatsun ja ne na busasshen alƙalami, har kana jin ƙaiƙayinsu.

To, a nan ne muke da ja. Malaman ba su tsaya a kan cewa hannu ɗaya ke yin aikin biyu ba. Sun ce bugun alƙalami yana tona halin mai shi. Mu muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, su suka ce a tambayi layin tawada. Shi Zhao Mengfu jinin gidan sarautar Song ne, amma ya karɓi kiran Kublai Khan ya yi wa Mongol aiki har ya kai manyan muƙamai. Bayan shekara ɗari uku da wani abu, wani malami mai suna Fu Shan, wanda shi ya ƙi yi wa Manchu aiki bayan faɗuwar daular Ming, ya dubi rubutun Zhao ya ga laushi da santsi irin na mai neman shiga. Tambayar da muke yi ita ce: da Fu Shan bai san tarihin mutumin ba, da zai ga haka a cikin layin? Ba mu zaci haka ba. Ganyen gorar Zhao ba su da wata alamar sunkuyawa. Abin da layi ke iya nunawa shi ne shekarun da hannu ya yi yana gwaji, da natsuwa ko gaggawar da mutum yake ciki a daidai wannan daƙiƙar. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Amma wa ya yi wa aiki, wa ya ci amana, wannan a littafin tarihi ake karanta shi a zo a liƙa wa zanen.

Akwai kuma wani abu da da'awar take ɓoyewa. Idan zane na ƙwarai sai mai kyan rubutu, kyan rubutu kuma sai wanda gidansu ke da halin zaunar da shi karatu shekara da shekaru, to an rufe ƙofa ke nan ga masu zanen sana'a, waɗanda ke zana gora da layin gefe su cika da koren launi, aiki mai wuya da cin lokaci. Malamai suka kira su 'yan ƙwadago, kuma da yake malaman ne ke rubuta tarihin zane, hukuncinsu ne ya iso gare mu. Matar Zhao, Guan Daosheng, ta samu shiga wannan da'ira, kuma zanenta na 1308 na kurmin gora a cikin hazo da ruwan sama ya ɗauki wata hanya dabam: siraran gora masu yawa a bakin ruwa, ana hango su daga nesa, maimakon reshe ɗaya da aka kawo gaban ido. Sunayen mata irinta a wannan tarihi ba su da yawa.

Idan aka ce mu zaɓi aiki ɗaya da da'awar ta cika a cikinsa, kundin Wu Zhen za mu ɗauka. Wu Zhen bai taɓa riƙe muƙami ba, an ce da duba yake ci. A 1350, yana da shekara saba'in, ya yi wa ɗansa kundin koyon zanen gora, shi ma yana Taipei. Shafi bayan shafi gora ce a yanayi dabam-dabam: sabon tsiro, tsohuwa, wadda iska ke kaɗawa, wadda ƙanƙara ta danne. A kowane shafi akwai rubutu da salon gudu, kuma ba a gefe aka maƙala shi kamar bayanin hoto ba. Wani lokaci rubutun ne ya cinye rabin shafin, gorar ta leƙo daga kusurwa. Ko ba ka iya karanta harafi ɗaya na Sinanci ba, za ka ga jiƙar tawadar iri ɗaya ce, saurin iri ɗaya ne, kamar mutum ya gama jimla da ganye. Kuma duk da haka iskar da ke cikin shafin iska ce ta gaske, ganyen sun san inda take busowa.

Abokin zamaninsa Ni Zan ya tafi nesa fiye da haka. Ya ce shi yana yin gora ne don ya sauke abin da ke ƙirjinsa, in mai kallo ya ga dama ya ce rama ce ko kara, bai dame shi ba. Daga bakin Ni Zan maganar tana da daɗin ji, don hannunsa ya isa. Sai dai ta zama mafaka ga dubban da suka biyo baya waɗanda gorarsu ta yi kama da rama don ba su iya ba. A ɗaya gefen kuma ga Li Kan, wanda aikin gwamnati ya kai shi har ƙasar Biyetnam ta yau, ya yi ta nazarin ire-iren gora ya rubuta littafi a kansu. Masu sharhi sun fi ɗaukaka Ni Zan. Mu muna ganin ba don irin su Li Kan ba, da fannin ya daɗe da rabuwa da tsiron da yake ɗauke da sunansa.

Haɗarin ya fito fili da aka shiga buga littattafan koyo. Mafi shahara shi ne wanda ake kira Lambun Ƙwayar Mustad, da aka fara bugawa a Nanjing a 1679, kashin da ya ƙunshi gora kuma ya fito a 1701. A irin waɗannan littattafai an mayar da ganye haruffa kai tsaye: ganye uku a jera su kamar harafin 个, huɗu kamar harafin 介, sai a yi ta ɗora wannan a kan wancan har reshe ya cika. Mu da sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce mun san wannan hanya sarai. Akwai guntayen aiki da wani ya riga ya rubuta, ka ɗauko ka harhaɗa, abu ya tashi ya yi aiki, ba tare da ka san dalilin da ya sa aka gina shi haka ba. Yana da sauri, yana da amfani, kuma duk abin da aka yi da shi kama ɗaya yake yi. Gorar da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido a yau, da wadda ake bugawa a jikin labule da kofin shayi, jikokin wannan littafi ne. Abin da Su Shi ya soka, harhaɗa ganye bayan ganye, shi ne aka wayi gari ana koyarwa da sunan bin tafarkinsa.

Ba za mu yi wa littafin rashin adalci ba. Ya buɗe ƙofar da malamai suka rufe. Qi Baishi, wanda ya rasu a 1957 yana cikin manyan masu zanen Sin na ƙarni na 20, kafinta ne ɗan talakawa a lardin Hunan, kuma daga wani kwafin wannan littafi da ya samu aro ya koyi zane.

Wanda ya fi kowa fahimtar matsalar, a ganinmu, shi ne Zheng Xie, da aka fi sani da Zheng Banqiao, haifaffen 1693. Ya girma a zamanin da littattafan koyo suka cika kasuwa, amma ya ce shi inuwar gora a jikin tagar takarda da farin bango, da rana da farin wata, ita ce malamarsa. Wannan magana tana da ma'ana fiye da yadda take a ido: inuwa ta riga ta cire launi, ta cire kauri, ta bar baƙi a kan fari, wato ta yi rabin aikin mayar da tsiro rubutu. Ya kuma raba gora gida uku: wadda ido ya gani da safe a lambu, wadda ta taso a ƙirji, da wadda ta fito daga hannu bayan an niƙa tawada an shimfiɗa takarda, kuma ya ce babu wadda take daidai da 'yar'uwarta. Har ya ce Wen Tong yana da gora a ƙirji, shi kuwa ba shi da ita. Muna ganin wannan ya fi koyarwar Su Shi kusa da abin da ke faruwa ga duk mai yin wani abu da hannu. Takarda tana da nata ra'ayi, tawada ma haka, kuma bugu na biyar amsa ne ga abin da bugu na huɗu ya bari.

Gorarsa siriri ce, doguwa, ganyen ba su da yawa, kuma yakan cusa rubutunsa a tsakanin kara da kara ko a jikin dutse. Rubutun nasa gauraye ne na salo da yawa, manya da ƙananan haruffa a karkace, har ana kwatanta shi da hanyar da aka shimfiɗa da tarkacen duwatsu. Ba duk aikinsa ne ya kai ba. Ya yi da yawa ƙwarai, an kuma yi jabunsa fiye da haka, kuma a wasu za ka ga hannu ne kawai ke tafiya, idon ya tafi hutu.

Dalilin yawan kuwa ba ɓoyayye ba ne. Zheng ya yi hakimci a gundumar Wei ta lardin Shandong, inda ake tuna shi da buɗe rumbunan gwamnati lokacin yunwa, ya bar aiki a 1753 ya koma Yangzhou, birnin attajiran gishiri, yana ci da alƙalaminsa. Al'adar malamai ita ce a nuna zane kyauta ce tsakanin abokai, ba haja ba. An ba da labarin Wen Tong yana jifa da silikin da masu roƙon zane suka kawo masa yana cewa safa zai ɗinka da shi. Zheng kuwa a 1759 ya rubuta farashi ya kafe: babban zane liang shida na azurfa, matsakaici huɗu, ƙarami biyu, liang ɗaya kuwa kimanin giram 37 ne. Ya ƙara da cewa masu kawo masa kayan ci da tsaraba su daina, azurfa ta fi, domin abin da suke kawowa ba lalle ne shi yake so ba, kuma bashi ba ya cikin tsarin.